Wurin da Aka Bar wa Baba

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki, yaya yawon jirgi? Mu nan sai godiyar Allah. Baban yara yana gaishe ka, yaran kuma sun ce a tuna maka har yanzu suna jiran tsarabar bara.

Kada ka yi mamakin ganin takarda daga wadda take yini gaban kwamfuta. In na kira ka, kafin in gama sallama ka ce kana cikin taro. Takarda kuwa ba ta da wurin kashewa, in ka buɗe sai ka kai ƙarshe.

Mun gan ka a talabijin ranar da aka sa hannu ƙasarmu za ta shiga Tarayyar ƙasashen nan. Kana can layi na biyu bayan minista, rabin fuskarka kawai ta fito. Baba ya sa aka jawo masa kujera har gaban akwatin, ya ce ko cikin dubu ya san kunnen nan, nasa ne. Yini ya yi yana faɗa wa duk wanda ya shigo dubiya cewa ɗan kafinta ne yake zama da manyan duniya. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba.

To amma, Yaya, jikin Baba ya yi nauyi. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, in ya kwanta numfashi sai ya tsaya masa a ƙirji, dole a zaune yake barci. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya kuma yi mini irin kallon nan da ba ya bukatar ƙarin bayani. Shekaranjiya ina shafa masa mai a ƙafa ya ce abu biyu suka rage yana roƙon Allah: ya cika a hannun 'ya'yansa, kuma a kwantar da shi kusa da Inna. Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce, "Auta, ke ce kike tsoronta. Ni na daɗe da shiryawa."

Ka jima ba ka zo ba, bari in tuna maka abin da ka fi ni sani. Garinmu a kwari yake, ko'ina ka haƙa rami ba ka yi nisa ba ruwa zai tsatso. Shi ya sa tun kaka da kakanni ba ma binne kowa a nan, sai a ɗauki makara a haye gada zuwa tudun tsallake. A takarda can ƙasar wasu ce, amma wa ya taɓa tambayar mai ɗauke da gawa takarda? A can Inna take, kuma tun ranar da aka rufe ta Baba ya roƙi mai gadin maƙabarta ya bar masa wurin da ke gefenta. Mutumin nan ya riƙe amana har yau.

Ga abin da ya hana ni sukuni. A cibiyar kwamfutar da ka samo mini aiki, wadda Tarayya ta gina da kuɗin tallafi, an kawo masu koya mana sabon tsari. Sun ce tunda mu za mu shiga, ƙasar tsallake kuma ba ta shiga ba, gadarmu ta zama bakin iyakar Tarayya baki ɗaya, za a sa mata ƙofa. Duk mai son hayewa sai ya nemi izini ta waya ya jira amsa, mu kuma mu riƙa cika wa waɗanda ba su iya ba. Na ɗaga hannu na ce, gawa fa? Matar da ke koyarwa ta duba kwamfutarta, ta ce wannan sai likitan gwamnati na babban birni ya amince, hukumar tsallake ma ta amince, kuma yakan ɗauki kwanaki. Na ce mu in mutum ya rasu da safe, kafin rana ta faɗi an dawo daga kai shi. Ta ce tambaya ce mai kyau, za ta rubuta.

Yaya, a teburin nan da kuka yi shekaru kuna maganar haraji da tallafi da intanet, babu wanda ya ce akwai gari mai binne matattunsa a wata ƙasa? Kai fa da kafaɗarka ka haye gadar nan da Inna. Ba faɗa nake yi ba, tambaya nake. Don Allah ka duba mana tun ƙofar ba ta tsaya ba.

Ka gaishe mini da Anti da kyau. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Yaya gajiyar tafiya? Amsarka ta iso. Na karanta wa Baba wurin gaisuwa, sauran na bar shi a cikina.

Ka ce abu ne na ɗan lokaci, ƙasar tsallake ma tana kan layi, wata rana za ta shiga a cire ƙofar. Ka ce a dubi abin da aka samu: sabon sashe a asibiti, magani kyauta, titi, aiki ga matasa. Ban musa ba. Ni kaina da tallafin nan nake ci, maganin da ya riƙe Baba ma daga can yake. Gardamar da ake yi ke nan kullum a bencin jira na cibiyarmu. Wani ya ce an tsamo mu daga duhu, wani ya ce an ɗauke mu ne mu yi wa masu hali gadin ƙofar baya. Ni dai in sun gaji sai in ce na gaba ya matso. Amma "wata rana" ɗin nan taka, Yaya, Baba ba shi da ita.

Sabuwar maƙabartar da ka ambata na je na gani da idona. Tsohon filin ƙwallo ne na bayan makaranta, inda kuke dawowa da laka har wuya Inna ta tare ku a ƙofa da bokiti. An zagaye shi da waya, an kafa fitilun sola, ga allo ƙato mai tambarin Tarayya. Fitilun kam suna da kyau. Baban yara da wasu maza sun gwada haƙawa, ba su kai ƙugu ba ruwa ya taru a ƙafafunsu.

Don haka tsofaffin gari sun samo tasu dabarar. Duk wanda ya ji jikinsa ya yi nisa, sai 'ya'yansa su haye da shi da ransa tun ba a rufe ba, ya zauna wurin dangi ya jira. Da safe sai ka ga ana tura su a kan gada, wani a keken asibiti wani a baro, ga tabarma ga buta. Babu mai kuka, don ba a mutu ba. Babu kuma mai cewa sai kun dawo. Ban taɓa ganin abin da ya kashe mini jiki irin wannan ba.

Kawu, ƙanin Inna da ke zaune a tsallake, ya aiko cewa ɗakin da ke kusa da zaurensa yana nan. Baban yara bai so ba. Ya ce ba a yi wa Allah shisshigi, kuma mai ciwon zuciya ba a nisanta shi da asibiti. Ni na matsa. Likita ya ce mini abu ne na makonni, ni kuma na ga zan riƙa hayewa kullum in yini da shi, ai ni ke cika wa mutane izini, nawa ba zai gagare ni ba. In aka yi haka ya samu duka biyun da yake roƙo. Da na faɗa wa Baba ya daɗe yana kallon ɗakinsa, sannan ya ce, "To. A ɗauko mini filona. Kayan aikin ku bar su, ai ba daɗewa zan yi ba."

Jibi za mu kai shi. In da hali ka zo, ko na yini ɗaya ne. Bai ce in faɗa maka ba, amma duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya ɗaga kai.

Allah Ya ba ka ikon zuwa.

Taka,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya, ya jikin ƙaramin da Anti ta ce yana tari? Allah Ya sawwaƙe. Rashin zuwanka bai yi mini daɗi ba, amma na faɗa wa Baba aiki ne, ya ce ai ya sani.

Zan ba ka labarin da ban san ko in yi murna da shi ko in yi kuka ba. Baba ya ji sauƙi. Ko iskar tudu ce, ko girkin matar Kawu, Allah Shi Ya sani. Kumburin ya sauka, yana cin abinci, yana fita ƙofar gida da sandarsa. Har ya ari guduma ya gyara musu ƙyauren kicin, yana mitar wanda ya yi shi tun farko bai san aiki ba. Tsofaffin da suka haye tare da shi kuwa ɗaya bayan ɗaya sun tafi, duk ya raka su. Ya ce in ya shiga maƙabarta kunyar haɗa ido da mai gadi yake ji, kamar baƙon da ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi tafiya. Na fashe da dariya, sai da na dubi fuskarsa na ga ba wasa yake ba. Yaya, haƙuri fa yake ba matar Kawu don bai mutu ba.

An rufe gadar. Ba za ka gane ta ba. Ƙofar gilashi ce da na'ura mai kallon fuska, a gefe kuma ga hanyar kaya. Kwali in yana da lamba a jikinsa sai ya wuce abinsa, babu mai tambayarsa wurin wa za shi. Matan da ke kai kayan lambu kasuwar tsallake an ce su riƙa ciniki ta waya su aika kayan, wai shi ne kasuwar zamani. Baban yara ya ce da mun sani da Baba muka liƙa wa lamba. Na harare shi, amma maganar ta kwana a raina.

Lissafina ya tashi a banza. Ashe izinin ƙayyadadde ne, 'yan lokuta ne a wata, kuma dole ka dawo kafin magariba. Na'ura ba ruwanta da cewa ni ce ke zaune bayan kwamfuta. Yara kuwa an ce sai an gama rajistarsu, ba a kuma faɗi rana ba. Tun da Baba ya haye bai taɓa kan jikansa ko ɗaya ba.

Babbar damuwar ita ce magani. Yanzu asibiti ba ya bayarwa sai da sabon kati, katin kuma sai mutum ya zo da kansa na'ura ta ɗauki fuskarsa. Baba ya haye kafin a fara wannan rajista. Na je da tsohon katinsa, nas ɗin nan da ta san shi tun tana yarinya ta juyo mini da kwamfutar ta ce in duba da kaina, babu shi. Na ce to ya dawo a yi masa. Sai na tarar mai shigowa dole ya nuna katin nan a ƙofa, in babu kuma ya nemi biza da fasfo kamar kowane baƙo. Ina Baba ina fasfo? Mutumin da aka haifa a layin bayan kasuwa, wanda rabin ƙofofin garin nan shi ya yi su da hannunsa, wai shi ne baƙo. Ɗan maganin da ya rage, da wuƙa yake raba ƙwayar biyu don ta kai shi.

Na je ofishin iyaka sun tura ni ofishin rajista, ofishin rajista sun ce in cika ta waya. Na ce ni ce wayar. Ka faɗa mini ƙofar da zan ƙwanƙwasa, kai ka san inda suke.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta


Yaya,

Sallama. Ina fata kana lafiya. Ni ba lafiya nake ba.

Na saurare ka a rediyo kana bayanin zagaye na gaba, ƙasashen da za a ƙara, da yadda kasuwar intanet ta haɗe mutane har babu sauran nesa da kusa. Muryarka irin ta Baba ce sak, shi ya sa na kasa kashewa. Ka iya magana, Allah Ya ƙara basira.

Ciwon ya dawo, ya fi na da. Maganin da Kawu ke samowa a kantin can ba irinsa ba ne. Izinina na wannan wata ya ƙare. Na nemi na gaggawa, ni na cika da hannuna, amsa ta zo cewa ana dubawa. Kalmar da nake faɗa wa mutane kullum ke nan ina kallon na gaba, sai yanzu na ji yadda take a kunne. Ta waya nake ganin Baba. Kawu ke riƙe masa, rabin lokacin rufin ɗaki nake kallo. Da yamma nakan kai yaran bakin kogi su ɗaga hannu, Kawu ya fito da shi kan tudu a kujera. Idonsa ba ya kaiwa. Faɗa masa kawai ake yi ga su can, shi ma ya ɗaga hannu ta inda aka nuna masa.

Jiya ya ce a ba shi wayar kowa ya fita. Ya ce, "Auta, ku zo ku ɗauke ni. Na gaji da kallon bangon mutane." Na ce, Baba, ka san fa in ka dawo, hayewa kuma sai yadda Allah Ya yi. Ya ce ya sani. Ya ce, "Uwarku mai haƙuri ce, ta saba jirana." Sai ya fashe da kuka. Yaya, tun da nake ban taɓa jin kukan Baba ba, ko ranar da aka fita da Inna.

Ni na kai shi, ni ce kuma yau nake so a dawo da shi, kuma na san abin da za mu iya rasawa. Amma ba zan iya zama a nan ina danna kwamfuta, ubana yana can yana kiran sunana a ɗakin aro ba. Na san kai mutumin ƙa'ida ne, ba ka son a ce ka nemi alfarma. To ka nema. Ka je wurin ministan nan da kake tsayawa a bayansa, in ta kama durƙusawa ka durƙusa. Kun iya shigar da ƙasa sukutum cikin Tarayya, ba za ku kasa shigo da tsoho ɗaya garinsu ba.

In ba za ka yi ba, kada ka sake aiko mini da gaisuwa in kai masa. Na gaji da ɗaukar ta.

Auta


Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban-girma, da roƙon gafara kan zafin takardata ta baya. Ka san bakina tun ina ƙarama. Ina fata kai da Anti da yara kuna lafiya. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka masu yi maka. Baba yana gida.

Takardar da ka samo ta ba mutum ɗaya damar rako shi, ni na je. Kafin mu taso ya ce sai an kai shi wurin Inna. Kawu ya tura shi a keke, ni na tsaya daga bakin ƙofa ina hangensu. Ya sa aka sauke shi ya zauna a kan wurin nan da aka bar masa, yana share ƙasar da tafin hannunsa kamar yadda yake shafa katako in ya gama gogewa. Ya jima. Da za su fito na ji yana ce wa mai gadi, "Ka ɗan ƙara riƙe mini. Ɗana yana cikin manya, zai san yadda za a yi." Ban faɗa maka don in ɗora maka nauyi ba, na faɗa ne don haka ya ce.

A ƙofar gada na'ura ta yi ta cewa ya buɗe ido, ya ɗaga kai. Sai da na tallafe masa haɓa ta karɓa. Yanzu yana da kati, an ba shi magani cike da leda. Likita ya duba shi ya ce an makara, tsakanin nan da aka yi ba magani ya yi ɓarna.

Duk da haka, Yaya, da ka gan shi. Da safe sai ya sa a zaunar da shi a ƙofar shagonsa, yaran su kewaye shi, wannan ya ɗauko zarto wannan ya ɗauko ƙusa yana tsawata musu da 'yar muryar da ta rage. Maƙwabta suna ta shigowa. Ranar farko ya yi barcin da matar Kawu ta ce bai taɓa yi a can ba. In na ga haka ba na nadamar komai. In na koma ɗaki kuma sai gabana ya faɗi.

Na gwada neman izinin hayewa da shi tun yanzu, don in ranar ta zo a same shi a hannu. Tsarin ba ya karɓa sai da takardar shaidar rasuwa. Wato ba za a fara jira ba sai ya cika. Ka ce mini a waya minista ya yi sau ɗaya, ba a komawa na biyu, kuma ga tafiya ta taso maka ta sabon zagayen nan. Na fahimta, wallahi na fahimta. Abu ɗaya nake roƙo, duk inda kake kada ka kashe wayarka.

Baba ya ce a gaishe ka, ya ce ka rage yawan shan shayi, ya gan ka ka rame.

Taka har kullum,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, Ya haɗa shi da Inna a inda babu ƙofa. Ka ce in ba ka labarin komai kada in rage, tunda a waya kuka ya hana mu duka. To ga shi.

Da hantsi ya cika, kansa a kafaɗata, Baban yara yana riƙe da hannunsa, yaran suna tsakar gida. Bai sha wuya ba. Ya tambaye ka, na ce kana hanya. Wannan ɗayan dai ya samu, ya cika a hannun 'ya'yansa, ko da rabinmu ne.

Likita yana ba da takarda na bar mata cike da gida na tafi cibiya. Na zauna a kujerata na cika. Mutanen da ke benci babu wanda ya ce layinsa ne. Na aika, amsa ta zo ana dubawa. Na yi ta kiranka, wayarka a kashe. Daga baya na ji ɗakin taron naku ba a shiga da waya, ban ce laifinka ba ne. Kawu kuwa yana jin rasuwar bai jira komai ba, ya sa aka haƙa kabarin a gefen Inna. Ya ce wanda ya iya shigo da shi zai iya fitar da shi.

Liman ya yi mana kara. Aka yi azahar ya ce a jira, aka yi la'asar ya ƙara jira. Daga nan ya kira Baban yara gefe ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta, ga zafi, ba za a kwana da shi ba.

Sauran Baban yara ne ya ba ni labari. An sallace shi a ƙofar gida aka ɗauka. Da aka kai mararrabar kasuwa, maimakon a yi hagu zuwa bayan makaranta, sai masu ɗauke da makara suka yi dama. Babu wanda ya ce a yi, babu kuma wanda ya lura. Ƙafa ce kawai ta bi inda ta saba. Gari guda ya bi su, har liman, ba su farga ba sai da suka ga gilashi a gabansu. Ta cikinsa suna hango Kawu da mutanen tsallake a tsaye a ɗaya bakin gadar, sun zo tarya. Jami'in da ke ƙofa ɗan garin nan ne, Baba ne ya yi wa uwarsa gadon aure. Ya cire hularsa ya sunkuyar da kai, ya ce ko ya so ba shi ke buɗewa ba, na'ura ce. Aka tsaya a nan. Baban yara ya ce bai san tsawon lokacin ba, sai da kafaɗu suka gaji. Sannan aka juya da Baba.

A filin ƙwallo ruwa ya riga su. Wasu suna kwashewa da bokiti wasu suna haƙa. Da aka ga ba zai tsaya ba, aka aika shagonsa aka kwaso katakan da ya ajiye, aka shimfiɗa a ƙasa aka kwantar da shi a kai. Baban yara ya ce sun yi sauri wajen rufewa. Ban tambaye shi dalili ba. Da ya dawo wandonsa jiƙe yake har gwiwa.

Dab da magariba Kawu ya kira ni. Ya ce mai gadi ya ce ba zai bar kabari a buɗe ba. Ga kuma wani bawan Allah ya rasu a can, danginsa suna neman wuri, sun ga haƙaƙƙe. Ya ce ya yi ta nemanka bai samu ba, kai ne babba, amma tunda babu kai, in faɗi abin da za a yi. Na ce ya ba ni minti ɗaya. Na duba wayata, har lokacin ana dubawa. Na ce a sa mutumin.

Ban tambayi sunansa ba, Yaya, har yau kuma ban so in sani. Shi ne yanzu a gefen Inna.

Ka ce za ka zo da zarar an tashi daga taron. Ka zo, gida yana nan, ɗakin Baba na share maka. Kabarinsa ba ya bukatar komai, sai dai ka zo da takalmin da ba ka so. In kuma kana son ka je ka gai da Inna ka faɗa mata, ka aiko mini da lambar katinka tun kafin ka taso, in cika maka. Yakan ɗauki kwanaki.

Ka gaishe da Anti, ka ce na gode da saƙonta. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarka,
Auta